Ranar da tankin Kaz Banas ya fashe

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ta titin Lagrange a Toledo ya san Kaz Banas. Ko dai ya sha hannunsa, ko ya ga wanda ya sha. Casimir aka raɗa masa a coci, amma ban da uwarsa ban taɓa jin wanda ya kira shi haka ba.

Ubansa mahauci ne, yana sayar da kilbasa, naman nan da ake niƙawa a ɗura a hanji, a kusurwar layinmu. Idan ya rufe shago ya sha ya yi tatul, sai ya zare bel ya bi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, maƙwabta na ji ta bango, ba mai cewa uffan. Kaz bai gama sakandare ba ya cafke bel ɗin wata rana, ya naɗe shi a hannu, ya fizgo tsohon ya haɗa kansa da murfin firji. Daga ranar ba a sake dukan kowa a gidan ba. Amma a ranar ne kuma Kaz ya gano abin da hannunsa ke iya yi, abin kuwa ya yi masa daɗi.

Ya shiga kamfanin gilashi kamar yadda rabin mazan unguwar suka shiga. Da aka yi dogon yajin aiki, masu kamfanin suka kwaso ƙarti daga wani gari su karya yajin. Kaz ya tare motarsu a bakin ƙofa, ya jawo direban ta taga, ya karya masa muƙamuƙi da ƙashin kafaɗa. 'Yan sanda suka yi masa rubdugu da kulake, sai da suka fasa masa kai kafin ya durƙusa. Ya yi 'yan watanni a gidan yari, ya fito, mutane suka dinga saya masa giya har ya gaji. Bayan nan wani faifan gilashi mai zafi ya fashe a gabansa, ya tafi da idonsa na hagu, ya bar masa zane a kumatu kamar wanda aka yi wa tsaga da reza.

Mutum biyu ne a duniya bai taɓa ɗaga wa hannu ba: matarsa Irene da 'yarsu Renata. Idan ransa ya ɓaci a gida, hularsa yake ɗauka ya tafi mashaya ya nemi wanda zai sauke a kansa. Irene ta sha wanke rigunan da jinin wasu ya ɓata. Da ciwon daji ya ɗauke ta, unguwa ta yi tsammanin Kaz zai kashe wani kafin shekara ta zagayo. Renata ce ta saya masa kifi biyu a ɗan kwanon gilashi, wai ya samu abin kallo. Kafin mako ya ƙare ɗayan ya cinye wutsiyar ɗayan, ya bi shi da cizo har ya mutu. Kaz ya zauna ya kalli abin daga farko har ƙarshe. Daga nan sha'awar kifi ta kama shi.

Ni Lucille nake. Ni da mijina Gene muke da shagon kifin ado da ke jikin gidan burodi, inda Renata take aiki tana ɗaga buhunan fulawa. Na san Kaz tun ina yarinya, amma ban taɓa yin magana da shi ba sai ranar da ya banko ƙofar shagon da filta a hannu, irin na'urar tace ruwan nan da ake ratayawa a bayan tanki. Igiyar wutarta na jan ƙasa, ruwa na ɗiga. Ya ɗaga ta ya maka a kan kantar shagon. Robar ta tarwatse, gilashin kantar ya dare, wani ɓallen ya yanke ni a bayan hannu.

"Ina Gene?" ya ce.

"Ya tafi Detroit ɗauko kaya."

"Ya taki sa'a."

Ya sa yatsa ya zaƙulo audugar cikin filtar ya shimfiɗa a gabana. Jikinta duk 'ya'yan kifi ne, ƙanana kamar gashin ido, wasu farfelar injin ta daddatse su.

"Dubi abin da mijinki ya sayar mini. Injin niƙa. Kifayen enjel ɗina sun yi ƙwai, sun ƙyanƙyashe, jiya ina kallonsu suna bin uwarsu. Yau ga su nan."

Jinin da na gani a hannuna ya sa raina ya ɓaci har na manta da tsoro.

"Mista Banas, ka gaya masa kifinka sun kusa yin ƙwai?"

"Bai tambaye ni ba."

"Kai me ka ce masa?"

"Na ce ya ba ni mai ƙarfi."

"To, ai ya ba ka mai ƙarfi."

Ya kafe ni da idonsa ɗaya. Na ɗauko tsintsiya na miƙa masa, na ce sai ya share mini ɓarnar da ya yi kafin in ƙara ce masa komai. Har yau ban san abin da ya shiga kaina ba. Ya karɓa ya share, har ƙarƙashin kantar.

Da ya gama na ɗauko masa filtar soso na ajiye. Baƙin soso ne kawai da ɗan bututu a tsakiya, ana haɗa shi da ƙaramin injin iska.

"Wasa kike yi da ni? Wannan ai na wanke kwano ne."

"Shi ya dace da kai. Iska ce ke jan ruwa ta cikinsa a hankali, ba farfela, ba ramin da zai haɗiye ɗan kifi. Har kiwo za ka ga suna yi a jikinsa. Ba a zaɓen filta don ƙarfinta, Mista Banas. Abin da ke cikin ruwan ake dubawa."

Na gaya masa idan soson ya yi datti, ya ɗebi ruwan tankin a bokiti ya matse shi a ciki, kada ya kuskura ya kai shi bakin famfo. Dattin da yake gani ba duka ne datti ba, akwai wasu ƙwayoyi masu rai da ido ba ya gani, su ke cinye gubar da kashin kifi ke saki, maganin da ke cikin ruwan famfo kuwa kashe su yake yi. Ya gyaɗa kai kamar ya ji. Bai ji ba. Da soson ya yi baƙi ƙirin ya kasa haƙuri, ya wanke shi da ruwan zafi da sabulu har ya yi tas. Ba a jima ba ruwan ya yi fari kamar an zuba madara, kifayen suka taso sama suna haki, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ya naushi bangon ɗakin ƙasansa har ya karya yatsu biyu. Ya shigo shago da hannu a ɗaure, ya ce, "Lu, sake faɗa mini tun daga farko." Daga ranar ya daina ce mini matar Gene.

Cikin 'yan shekaru ɗakin ƙasan gidansa ya cika da tankuna, kowanne da sosonsa yana ɓulɓul. Enjel ɗinsa sun fi na kowa kyau a garin, har daga Cleveland ake zuwa nema. Amma ransa na kan manyan kifi masu faɗa. Ya sa wani tsohon abokin aikinsa ya yanko masa gilashi mai kauri, ya haɗa tanki da hannunsa a falo, tsawonsa ya kai na gado, ya zuba oska biyu. Kifaye ne masu girman tafin hannun ƙato biyu a haɗe, masu ƙaton baki, suna tumɓuke shuka, suna ture duwatsu, idan ka sa yatsa su cije ka. Ya sa musu suna Alƙali da Lauya, wai don duk abin da aka jefa musu sai sun haɗiye.

"Soso nawa zan zuba musu?" ya tambaye ni.

"Ko ɗaya. Waɗannan yaga shi za su yi, kuma kashinsu ya fi ƙarfinsa. Yanzu ne lokacin mai ƙarfin da kake ta so."

Na sayar masa da irin wadda muke kira mai tulu. Ganga ce ta roba mai kauri, tsayinta ya kai gwiwa, tana zama a cikin kabad ƙarƙashin tanki. Tiyo ɗaya na sauko mata da ruwa, ya ratsa soso da tsakuwoyi, wani tiyon ya mayar da shi sama. Idan ta cika da ruwa sai namiji ya yi nishi kafin ya ɗaga ta. Renata ce ta ɗauka daga mota ta shiga da ita, tana yi wa ubanta dariya.

A shekarar ne ta auri Dwight Pickrell, wani direban tirela daga kudancin jihar, dogo, mai fara'a, mai kiran kowace tsohuwa mama. Kowa ya so shi. Kaz kaɗai ya ce dariyar yaron ba ta kai idonsa, amma ba wanda ya kula, tun da Kaz bai taɓa yabon kowa ba.

A bikin cocinmu na bazara abin ya fito fili. Rana na ƙuna, ana kiɗa ana rawa, Renata ta zo da riga mai dogon hannu har wuya. Kaz ya kama hannunta zai ja ta filin rawa, sai ta yi ƙara ta janye. Ya naɗe hannun rigar. Daga wuyan hannu har gwiwar hannu shatin yatsu ne, wani shuɗi, wani ya fara komawa ruwan ɗorawa. Ya taka har rumfar da ake gasa kilbasa, inda Dwight ke tsaye da kofin giya yana ba mutane labari. Ya kama ƙeyarsa ya danna fuskarsa a kan ƙarfen gashin. Ina tsaye kusa, na ji ƙaurin. Sai da maza suka rataya a wuyan Kaz kafin ya saki, kuma da Dwight ya ɗago, fatar kuncinsa ta zauna a kan ƙarfen.

Kotu ta hana Kaz kusantar gidan surukinsa. Dwight ya kwashe Renata daga unguwar ya kai ta wani gida a bayan gari, can wajen iyakar Michigan, ya raba ta da aikin gidan burodi. A makon da ya fito daga asibiti ya karya mata wuyan hannu. Kaz ne ya gaya mini da bakinsa, yana tsaye a gaban tankunan shagona, ya juya mini baya.

"Ta kira ni a waya. Ta ce, 'Tata, duk abin da ka yi masa, a jikina yake ƙarewa. Ka bar mu.'" Tata shi ne baba a yaren iyayensu.

"Me ka ce mata?"

"Me zan ce? Abu ɗaya na iya a duniya, Lu, shi ne kuma ya karya mata hannu."

Shekaru suka wuce bai sa ta a ido ba. Gene ya rasu, na ci gaba da riƙe shago ni kaɗai. Kaz ya yi ritaya, zuciyarsa ta fara ba shi matsala, hannuwan nan da unguwa ke tsoro suka kama rawa har ba ya iya buɗe maƙallan filtarsa. Sai ya zama wata Lahadin idan an taso daga coci nakan bi ta gidansa in taya shi wanke ta, ya dafa mana kabeji da nama, mu ci muna musu a kan kifi.

Renata ta dawo wata safiya cikin kaka, a ƙafa, da silifas ɗin cikin gida. Wani mai motar madara ne ya rage mata hanya. Gashin gefen kanta ɗaya an tuge shi har fata, haƙorinta na gaba babu. Kaz ya buɗe ƙofa ya gan ta, ya matsa gefe ta shiga. Ya gaya mini ya ɗauki hularsa sau da yawa a ranar, yana kaiwa bakin ƙofa sai ya mayar da ita kan ƙusa.

Lahadin da ta biyo baya na je kamar yadda na saba. Mun rufe ruwa, mun cire tiyo biyun, Renata ta jawo filtar daga kabad ta ajiye a tsakiyar falo, cike take, ba mu kai ga buɗe ta ba. Tukunyar kabeji na tafasa a kicin. Sai muka ji mota ta taka burki a waje, ta hau kan ciyawa. Renata ta sandare. Ba ta leƙa ba, ƙarar injin kaɗai ta ishe ta.

Dwight bai ƙwanƙwasa ba. Da ƙafa ya ɓalle ƙofar, sakatar ta yi tsalle ta faɗi gaban talabijin. Ya yi ƙiba, tabon kuncinsa ya ja bakinsa gefe guda, a hannunsa akwai ƙarfen kwance tayar mota.

"Renata, ɗauko takalminki."

"Ba inda za ta," in ji Kaz. Ya miƙe daga durƙuson da yake, gwiwoyinsa na ƙara.

Dwight ya dube shi sama da ƙasa, ya shafa kuncinsa.

"Tsoho, kullum na tsaya gaban madubi zan yi aski sai na tuna da kai. Dubi yadda ka koma. Hannunka ma rawa yake yi."

"Matso ka ga ko yana rawa."

Kaz ne ya fara kai hannu, ya kuma samu bakin Dwight, har leɓen ya fashe. Da a da ne, da faɗan ya ƙare a nan. Dwight ya tofar da jini, ya zagaya ta hagu, ta wajen idon da ba ya gani, ya sauke masa ƙarfen a haƙarƙari. Na ji ƙashin ya karye kamar an taka busasshen kara. Kaz ya dunƙule, ya kai wani naushin ya sami iska. Dukan ƙarfen na biyu ya same shi a muƙamuƙi. Ya faɗi a kan teburin shayi, teburin ya karye da shi.

Na ruga kicin na fizgi waya na kira 'yan sanda. Matar da ta ɗauka tana ta tambayata lambar gida, ni kuwa ina jin ƙarar takalmi a jikin mutum daga falo, dum, dum, ba kuka, ba magana. Na saki wayar tana lilo na koma.

Kaz na kwance a rigingine, fuskarsa ta rine. Dwight ya ɗora gwiwa ɗaya a ƙirjinsa, ya sunkuya, ya ɗaga ƙarfen da hannu biyu saitin kansa. Ban ga lokacin da Renata ta motsa ba. Na dai gan ta a bayansa ta rungumi filtar a ƙirji kamar buhun fulawa, ta ɗaga ta har saitin fuskarta, ta sauke masa a ƙeya da dukan ƙarfinta.

Murfin ya ɓalle, baƙin ruwa da tsakuwoyi suka watsu. Dwight bai faɗi ba. Ya miƙe yana tangaɗi, idanunsa sun juye, ya ja da baya yana wulwula ƙarfen kamar mai korar ƙudan zuma. Bakin ƙarfen ya sami gilashin gaban tankin. Sai shi ma ya bi shi da bayansa gaba ɗaya.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Ruwan ya fito a dunƙule ya share mini ƙafafu, na faɗi zaune a bakin ƙofar kicin. Kujeru suka yi iyo, fitila ta faɗo, wutar gidan ta ɗauke. Da na share idona, Dwight na kwance rabin jikinsa a cikin abin da ya rage na tankin. Wani dogon gilashi da ya tsaya a jikin firam ya yanke hannunsa na dama daga gwiwar hannu har kusa da hammata. Jinin na tsartuwa yana bugun bango, yana tsayawa, yana sake tsartuwa. Ruwan falon ya koma ja har bakin matakala.

Renata ta sunkuya ta ɗauki ƙarfen daga cikin ruwan. Ta tsaya a kansa. Fuskarta ba fushi, ba kuka, kamar mai shirin yanka burodi.

"Ajiye," in ji Kaz. Da ƙyar maganar ta fito, muƙamuƙinsa ya karkace.

Ba ta ko juyo ba.

Sai ya mirgina ya fara rarrafe. Ƙasan duk fasasshen gilashi ne, ya bi ta kai da tafin hannu da gwiwa. A hanya ya jawo ɗaya daga cikin tiyon filtar. Ya isa wurin Dwight, ya jawo shi ƙasa da kwalar riga, ya zagaya tiyon a saman yankan, can kusa da kafaɗa, ya ƙulla. Ya ja da haƙori bai iya ba, hannuwansa na rawa, jinin bai tsaya ba. Ya ɗago ya dubi 'yarsa.

"Renata. Ba ni ƙarfen nan. Da shi zan murɗa."

Ta dube shi, ta dubi mijinta.

"Tata, bar shi."

"Ba ni."

"Ka san abin da ya yi mini? Ba ka san ko rabi ba."

"Na sani. Ba ni ƙarfen."

Ta daɗe kafin ta miƙa masa. Ya soka shi a cikin ƙullin ya shiga murɗawa, yana murɗawa yana nishi, jini na zuba daga bakinsa a kan rigar Dwight. Dwight ya farfaɗo ya kurma ihu, ya kai masa duka da ɗayan hannun. Kaz ya danne hannun da gwiwa ya ƙara murɗawa har tsartuwar ta koma ɗiga, ɗigar ta tsaya. Sannan ya sunkuya daidai kunnensa. Ina kusa, na ji abin da ya ce.

"Ba don kai ba ne. Ka je ka mutu duk inda ka ga dama, amma ba a hannunta ba."

Haka ya zauna riƙe da ƙarfen har motar asibiti ta iso. Sai da ma'aikatan suka ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Ni kuwa da na rasa abin yi da hannuwana, kifayen na shiga nema. Alƙali gilashi ya raba shi biyu. Lauya na same shi ƙarƙashin kujera yana bugun ƙasa da wutsiya. Na naɗe shi a siket ɗina na sauka ɗakin ƙasa, inda ruwa ke zubowa ta rufi, na jefa shi a tankin da ya fi kusa. Na 'ya'yan enjel ne. Kafin 'yan sanda su gama tambayoyinsu a sama, ya cinye rabinsu.

Dwight bai mutu ba. Likitoci sun ceci hannun amma jijiyoyin sun tafi, ya shanye, yana rataye a jikinsa kamar hannun riga. An ɗaure shi shekaru. Renata an kai ta ofishin 'yan sanda, aka ɗauki hoton kanta da bakinta, aka saurari abin da na gani, ba a tuhume ta da komai ba. Kaz an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, an cire masa saifa, an yi ta tsintar gilashi daga gwiwoyinsa. Ya yi watanni yana shan miya da tsinken roba. Da na je duba shi na gaya masa abin da Lauya ya yi wa 'ya'yan enjel, ya yi dariya ta hanci har hawaye ya zubo daga idon mai gani, ya nuna mini haƙarƙarinsa, wai in yi shiru.

Bai sake haɗa babban tanki ba. Katakon falon ya kumbura, aka ɓamɓare shi aka sa sabo, amma Renata ba ta iya zama a ɗakin. Ta ƙofar baya take shiga, ta ci abinci a kicin. Da ubanta ya warke ta koma Fort Wayne wurin wata 'yar ƙanwar uwarta, ta sami aiki a wani gidan burodin. Ba ta ƙara aure ba. Takan kira shi kowace Lahadi, su yi hirar yanayi da farashin fulawa. Ba su taɓa tayar da maganar ranar ba, shi ya gaya mini, ita ma ta gaya mini.

Bayan an sako Dwight, Kaz ya haɗu da shi sau ɗaya, a babban kantin kayan abinci na bakin hanya. A lokacin da sanda yake tafiya. Ya shigo shagona daga can, ya zauna a kujerar da nake ajiye masa.

"Na ga mutumin," ya ce.

"Ya gan ka?"

"A'a. Na bi shi har wurin ajiye motoci."

"Kaz, me ka yi?"

"Na tsaya bayan wata mota ina kallonsa. Yana ƙoƙarin buɗe but ɗin motarsa da hannu ɗaya, ledar kayansa ta yage, gwangwanaye suka gangara ƙarƙashin motoci. Ya durƙusa yana lalube." Ya juya sandar a hannunsa. "Sandar nan na hannuna. Ƙeyarsa na nan a buɗe."

"Sai me?"

"Sai wata mata ta zo ta taya shi tsinta. Ya ce mata, na gode, mama. Ni kuma na tafi neman bas."

Ya nemi in ba shi abincin kifi, irin na 'ya'yan kifi, na ba shi, ya tafi.

A hunturun shekarar ya rasu. Dusar ƙanƙara ta rufe layinmu, ya fito da shebur zai buɗe hanya daga ƙofarsa zuwa titi, duk da likita ya hana shi. Mai kawo wasiƙu ne ya same shi a zaune a kan matakala, shebur ɗin a kan cinyarsa, ya share rabin hanyar. Renata ta zo ta sayar da gidan ga wasu matasa ma'aurata masu jariri. Tankunan ɗakin ƙasa muka raba wa masu kiwon kifi na garin, kowa ya zo da bokitinsa da bargo don kada sanyi ya kashe su a mota. Sai da muka yi yini biyu muna kwasa.